Wane harshe za a koya wa ɗan aji ɗaya karatu da shi?

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta Najeriya, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi cewa a shekaru uku na farkon firamare a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a yankin, Turanci ya zama darasi kawai, sai a aji huɗu ya karɓi ragama. A Nuwamban 2022 gwamnatin Buhari ta miƙa wannan zuwa aji shida. Shekara uku bayan haka, a Nuwamban 2025, ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da sokewa: Turanci ne harshen koyarwa daga nazare har jami'a. Dalilinsa, faɗuwar ɗalibai a WAEC, NECO da JAMB.

Wannan hujja ba ta zauna ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 ko firamare bai gama ba, balle ya zauna WAEC. Kuma a yawancin makarantun gwamnati tsarin bai wuce takarda ba: babu littattafai, babu malaman da aka horar. Abin da ake yi dai shi ne malama ta rubuta Turanci a allo, ta yi bayani da Hausa, yara su maimaita da ƙarfi ba tare da sun san abin da suke faɗa ba.

Inda aka gwada da gaske, kamar shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, yaro yana haɗa ba, bi, bu, ya karanta "baba", nan take ya gane domin kalmar gidansu ce. Haɗa baƙi da wasali sau ɗaya ake koyonsa, daga baya a ɗauke shi zuwa Turanci.

Wahalar gaske tana ajin da ya tara harsuna. A Yola ko Jos, benci guda zai ɗauki Bafulatani, Bahaushe da ɗan Berom ko Bachama. "Harshen yankin" a nan sau da yawa Hausa ce, kuma akwai iyayen da ke ganin hakan danniya ce ga nasu. Kokensu gaskiya ne. Sai dai Turanci bai warware shi ba, ya dai mayar da kowa baƙo a ajin.

A sani, manufa ce, ba dokar Majalisar Tarayya ba. Firamare tana hannun jihohi da ƙananan hukumomi ta hanyar SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta kowace jiha, don haka abin da zai faru a ajin ɗanka ya fi dogara ga jiharku da littattafan da za ta saya.