Maikoriza: naman gwarin da ke ciyar da saiwar shuka

Maikoriza suna ne na zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da ke tsakanin saiwar tsiro da wani naman gwari na cikin ƙasa, dangin funfuna da naman kaza, wanda ido ba ya ganin zarensa. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Jamus, Albert Bernhard Frank, shi ya raɗa wannan suna a shekarar 1885. An kiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na nau'o'in tsirran doron ƙasa suna da irin wannan alaƙa, ciki har da gero, dawa, wake da gyaɗa, waɗanda su ne ginshiƙin noman Damagaram.

Zaren naman gwarin yana shiga cikin saiwa, sannan ya bazu cikin ƙasa zuwa inda saiwar ba ta iya kaiwa, ya jawo mata ruwa da sinadarai, musamman fosfora, ita kuma shukar ta biya shi da sukarin da ganyenta ya haɗa. Amfaninsa ya fi fitowa a jigawa irin ta Mirriya, Magarya da Matamai, domin ƙasa ce mai ƙarancin fosfora, kuma ɗan abin da ke cikinta ba ya matsawa kusa da saiwa da kansa. Zaren yana kuma ɗaure ƙwayoyin yashi wuri guda, abin da ke rage zaizayar iska da ta ruwa.

Ana kiransa taki, amma a gaskiya ɗan dako ne: abin da ke ƙasa yake ɗaukowa, ba ya ƙirƙirar sabo. Gonar da ta gaji ƙwarai tana bukatar takin gargajiya, ko garin dutsen fosfat irin na Tawa, kafin a ga aikinsa sosai.

Kamfanoni suna sayar da shi a matsayin garin da ake barbaɗa wa iri, sai dai sakamakon yakan bambanta daga gona zuwa gona. Abin da ya fi dacewa da ƙaramin manomi shi ne kiyaye wanda Allah ya riga ya ajiye masa a gonarsa. Huɗa mai zurfi tana tsinka zaren, yawan takin zamani mai fosfora yana sa shuka ta rage hulɗa da shi, barin ƙasa tsirara kuma yana kashe shi da yunwa, tunda ba ya rayuwa sai a jikin saiwa mai rai. Shi ya sa haɗa gero da wake, da sassaben zamani da ke barin gawo da sauran itatuwa a gona, suke ba shi mafaka har damina ta dawo. Kabeji kuwa ba ya cikin tsirran da ke hulɗa da shi.