Durƙusawar gaban mota yayin taka birki

Durƙusawar gaban mota ita ce sunkuyawar da hancin mota ke yi zuwa ƙasa idan direba ya taka birki, bayanta kuma ya ɗaga. Kowace mota tana yin hakan daidai gwargwado, domin nauyinta na komawa kan tayoyin gaba duk lokacin da aka rage gudu. Ana ɗaukarta matsala ne idan ta yi yawa, har bamba ta kusa gogar ƙasa, ko motar ta riƙa lilo bayan ta tsaya. Makanikai suna sanya ta cikin aikin ƙafa, wato gyaran sassan da ke haɗa tayoyi da jikin mota.

Asali da tarihi

Yawan nauyin da ke komawa gaba ya dogara ne da ƙarfin birkin, da tsayin da nauyin motar ya taru a kai, da kuma tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya. Shi ya sa motar haya da aka lafta wa buhuna a kan rufi, kamar yadda ake gani a hanyar Jibiya ko Mai'aduwa ranar kasuwa, ta fi durƙusawa.

Akasarin ƙananan motoci na amfani da tsarin ƙafar da injiniyan Amurka Earle MacPherson ya tsara a shekarun 1940, inda sifirin (murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota) ke naɗe da shokazoba (na'urar da ke rage lilon mota) a wuri guda. Galibi ana ambaton Ford Consul ta 1950 cikin motocin farko da suka fito da shi, ko da yake akwai saɓani kan wadda ta riga. Irinsa ne a gaban Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, kuma a kanta makanikan Arewa da dama suka koyi wannan aiki. Shokazoba mai iskar gas ta fara yaɗuwa ne a wajajen shekarun 1950.

Gano matsalar

Sifirin ne ke ƙayyade zurfin durƙusawar, ita kuwa shokazoba saurinta take tsarewa, kuma rashin bambance waɗannan biyu na sa mai mota ya sayi abin da ba shi ne ya lalace ba. Bakanike kan danna gefen bonet da ƙarfi ya saki. Idan motar ta ɗago ta tsaya, shokazoba na da sauran ƙarfi, idan kuwa ta ci gaba da rausaya, shokazobar ta mutu. Daga nan sai ya leƙa bayan taya ya shafa jikin shokazobar, domin man da ya tsiyaye yakan haɗu da ƙura ya zama baƙin danƙo. Ana kuma auna tsayin dama da hagun motar daga ƙasa don gane sifirin da ya kwanta ko ya karye, sannan a ɗaga motar a jijjiga taya a duba bushi, wato robobin da ke mahaɗar ƙarafunan ƙafar.

Wasu na ɗora laifin yawan durƙusawar a kan raunin birkin baya, amma ba kowa ya yarda ba.

Gyara

Ana sauya shokazoba ta dama da ta hagu tare, haka ma sifirin, domin sabuwa a gefe ɗaya kan sa motar ta ja gefe idan aka taka birki. Kwance sifirin ba tare da matsewarsa da ƙarfen da aka tanada ba yana da haɗari ƙwarai, don yakan yi tsalle ya raunata mai aiki. Bayan an ɗaura, sai a kai motar a daidaita tayoyinta.