Tutar da ta hana Amurkawa manta yaƙin basasa

A maƙabartun kudancin Amurka har yau ana ganin ƙananan tutoci ja, masu gicciye shuɗi da taurari 13, a kafe a kan tsofaffin kaburbura: tutar yaƙin sojojin kudu ce ta zamanin yaƙin basasar ƙasar. Masu kafawa kan ce kakanninsu suke tunawa, gado ne ba ƙiyayya ba. Jikokin bayi kuwa, ganinta kawai kan tayar musu da tsohon miki.

Yaƙin ya ɓarke a 1861, lokacin da jihohin kudu 11 suka ɓalle bayan zaɓen Abraham Lincoln a matsayin shugaban ƙasa, bai lafa ba sai 1865, bayan ya lanƙwame rayuka sama da 600,000. Dalilin ɓallewar ba ɓoyayye ba ne. Takardar ficewar Mississippi ta fito ƙarara cewa matsayinta a ɗaure yake da bautar da mutane, a ƙasar da bayi suka kusan kai miliyan 4. Amma a yi wa masu kewar kakanni adalci: da yawa cikin sojojin kudu talakawan manoma ne da ba su mallaki bawa ba, wasu ma dokar tilas ta 1862 ce ta kai su fagen daga, dokar da aka gyara ta ɗaga wa gandu mai bayi 20 ƙafa.

Wani abin kuma, tutar da ake rigima a kanta ba ita ce tutar gwamnatin 'yan tawayen ba. Ta rundunar Janar Robert E. Lee ce, babban kwamandan sojojin kudu, an ƙirƙiro ta ne bayan gwabzawar Manassas ta farko, inda hayaƙi da ƙura suka sa aka kasa bambance tutocin ɓangarorin biyu. Da aka gama yaƙi sai ta koma tarukan tsofaffin sojoji da ƙungiyoyin 'ya'yansu.

Siyasa ce ta sake fito da ita. A 1948 'yan Democrat na kudu da suka yi bore kan ba wa baƙaƙen fata 'yanci, ƙarƙashin Strom Thurmond, suka riƙa ɗaga ta a taruka. Georgia ta cusa ta cikin tutar jiha a 1956, shekara biyu bayan kotun ƙoli ta haramta wariya a makarantu. South Carolina ta ɗora ta kan ginin majalisa a 1961. Mai cewa don kakanni aka yi duk wannan, sai ya faɗa mana me ya sa aka jira kusan shekara ɗari.

Sai da jini ya zuba South Carolina ta sauke ta baki ɗaya. A Yunin 2015 Dylann Roof, wanda ya ɗauki hotuna riƙe da tutar, ya harbe baƙaƙen fata 9 a cocin Emanuel da ke Charleston. Gwamnar jihar, Nikki Haley, ta sa hannu kan doka, aka cire ta daga harabar majalisa ranar 10 ga Yuli. Mississippi ta sauya tutarta mai ɗauke da wannan alama a 2020 bayan kisan George Floyd. Ba a yi shekara ba, ranar 6 ga Janairun 2021, wani mai zanga-zanga ya kutsa da ita har cikin ginin majalisar dokokin tarayya a Washington, wurin da sojojin Lee ba su taɓa kai ta ba.