Shafukan Karramawa a Kundin Shekara na Makarantun Katolika na Maza a Amurka

Kundin shekara littafi ne mai kaurin bango da makarantun sakandare da jami'o'in Amurka suke bugawa sau ɗaya a kowace shekarar karatu, cike da hotunan ɗalibai da malamai da labarin abin da ya gudana tun daga buɗe makaranta a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba har zuwa bikin yaye ɗalibai a watan Mayu ko Yuni. Kaso mafi tsoka na littafin na 'yan ajin ƙarshe ne, wato aji na 12, samari masu shekara 17 zuwa 18, kuma a nan ne ake samun shafukan karramawa, inda makaranta da iyaye da abokai suke rubuta yabo da addu'a da bankwana ga mai shirin fita. A makarantun Katolika da ba sa ɗaukar kowa sai maza, waɗannan shafuka suna da launi nasu na daban, domin harshen addini da na zumuncin samari sun cakuɗe a cikinsu, kuma sau da yawa nan ne kaɗai wurin da uba zai faɗa wa ɗansa a rubuce, a gaban jama'a, irin ƙaunar da yake yi masa.

Asalin al'adar

Al'adar ta faro ne daga jami'o'in gabashin Amurka a ƙarni na 19. Jami'ar Yale tana ɗaukar kundinta mai suna Banner, wanda ya fara fitowa a 1841, a matsayin mafi daɗewa a ƙasar. Wajejen 1860 wani mai ɗaukar hoto da ake kira George Kendall Warren ya yi suna wajen ɗaukar 'yan ajin ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗalibi ya sayi hotunan abokansa a ɗinke masa su wuri guda. Da aka gano hanyar buga hoto tare da rubutu a injin ɗab'i cikin shekarun 1880, sai farashi ya sauko, har makarantun sakandare suka iya ɗaukar nauyin nasu. Daga baya manyan kamfanoni suka mamaye harkar bugun, irin su Jostens da aka kafa a jihar Minnesota a 1897, da Herff Jones na birnin Indianapolis, da Walsworth na jihar Missouri.

Makarantun

Makarantun Katolika na maza sun girmi kundin shekara kansa. Georgetown Prep da ke jihar Maryland, kusa da birnin Washington, tana lissafin tarihinta daga 1789. Gonzaga a cikin Washington an kafa ta a 1821, St. Xavier ta Cincinnati a 1831, Fordham Prep ta New York a 1841, sai Regis, ita ma a New York, a 1914, wadda har yau ɗalibanta ba sa biyan kuɗin makaranta. Dukansu suna hannun ƙungiyar limaman Jesuit, wadda Waliyyi Ignatius na Loyola ya kafa a ƙarni na 16. Akwai kuma makarantun 'yan'uwan De La Salle, wata ƙungiyar Katolika mai aikin koyarwa, da na wasu ƙungiyoyi. Yawancin ɗaliban farko 'ya'yan baƙi ne da suka yi ƙaura daga Ailan da Jamus da Italiya da Folan, kuma bayan taron bishop-bishop da aka yi a Baltimore a 1884, wanda ya umurci kowace coci ta buɗe makaranta, tsarin ya bunƙasa har ɗaliban makarantun Katolika suka haura miliyan 5 a farkon shekarun 1960. Kowace makaranta tana da sunan da ta raɗa wa kundinta, ana gadonsa daga aji zuwa aji: na Georgetown Prep shi ne Cupola, na Regis shi ne Regian, na St. Xavier kuma X-Ray.

Yadda shafin yake

Murya uku ne ke magana a kan ɗalibi guda. Ta farko ta makaranta ce: hoton yaron sanye da baƙar kwat da farar riga da ɗan ɗaurin wuya, sai cikakken sunansa, da unguwa ko cocin da ya fito, da jerin ƙungiyoyi da wasannin da ya shiga, kowanne da lambar shekarun da ya yi a ciki. Kwat ɗin nan sau da yawa ba tasa ba ce, mai ɗaukar hoto ne ke zuwa da ita, yaro ya zura ta na 'yan mintoci ya tuɓe wa na bayansa, shi ya sa ɗan attajiri da ɗan direban bas suke fitowa da shiga iri ɗaya a jere guda. Wannan daidaito abu ne mai kyau, kuma ya dace da abin da makarantun suke cewa suna koyarwa.

Murya ta biyu ta ɗalibin ce da abokansa. Ana ba shi 'yan layuka ya zaɓi wata magana da yake so a tuna da shi da ita, ya gode wa malaman da suka riƙe shi, ya ambaci inkiyarsa da wasu zaurance da ba mai ganewa sai 'yan ajinsu. A wasu makarantu ajin yana jefa ƙuri'a a fitar da wanda ake ganin zai fi kowa yin fice a rayuwa, da wanda ya fi barkwanci, wani lokaci har da wanda ake zaton zai zama fada, wato limamin coci.

Murya ta uku, wadda ta fi taɓa zuciya, ta iyaye ce. A ƙarshen littafin akwai fili da ake sayarwa, cikakken shafi ko rabi ko kwata ko ɗaya bisa takwas, kuma kuɗin da ake samu daga nan yana rage wa makaranta nauyin bugu. Iyaye kan kawo hoton yaron yana jinjiri, ko ranar da ya fara zuwa makaranta da jaka wadda ta kusa finsa girma, ko ranar da ya fara karɓar Jibin Ubangiji a coci, a ajiye shi gefen hotonsa na yanzu da gashin baki ya fara tsirowa. A ƙasa sai uwa da uba su rubuta cewa suna alfahari da shi, su tuna masa wata wahala da ya sha ya haye, kamar karayar ƙafa a filin ƙwallo ko rasuwar kakansa, su roƙa masa tsarin Allah a inda za shi, ƙannensa su sa hannu a ƙarshe. Sai dai a nan ne kuma bambancin da baƙar kwat ta rufe yake sake bayyana, domin mai hali ya sayi shafi sukutum, marar hali ya tsaya a ɗan lungu ko ma a rasa shi gaba ɗaya. Wannan rauni ne na gaske a tsarin, kuma ya cancanci kulawar masu shirya kundin.

Harshen addini

Abin da ya raba waɗannan shafuka da na makarantun gwamnati shi ne kalmomin da ake maimaitawa. A makarantun Jesuit da wuya a buɗe kundi ba a ga haruffan AMDG ba, taƙaitaccen taken ƙungiyar da Latin, mai nufin a yi komai domin ƙara ɗaukaka Allah. Yabon da ya fi kowane daraja shi ne a kira yaro mutum mai rayuwa domin wasu, kalamin da ya samo asali daga jawabin da shugaban ƙungiyar na wancan lokaci, Fada Pedro Arrupe, ya yi wa tsofaffin ɗalibai a birnin Valencia na ƙasar Sifen a 1973. A farkon shekarun 1980 makarantun suka fitar da wata takarda mai siffanta ɗalibin da suke fatan yayewa da halaye biyar: mai son ci gaba da koyo, mai kaifin tunani, mai addini, mai ƙauna, mai tsayawa kan adalci. Malamai kan ɗauko ɗaya daga cikin waɗannan idan za su yabi yaro. A makarantun De La Salle kuwa, ana rufe rubutu da addu'ar da ɗalibai suka saba amsawa kullum, cewa Yesu ya rayu a zukatansu har abada. Iyaye suna yawan kawo ayoyi daga Littafi Mai Tsarki, musamman Irmiya 29:11 da Filibiyawa 4:13. Su kuma samarin sukan ambaci Kairos, wato keɓewar ibada ta kwana uku zuwa huɗu da ake kai manyan ɗalibai, inda da yawansu suke fara buɗe cikinsu ga abokai, kuma wanda bai san wannan ba, zai wuce 'yar kalmar da ke nuni gare ta bai gane nauyinta ba.

Akwai shafi biyu da suke fita daban. Ɗaya na sadaukarwa ne, inda ajin ke zaɓar wani malami ko fada ko kocin wasa, wani lokaci ma mai shara ko mai dafa abinci da ya daɗe yana hidima, a ba shi littafin kacokan. Ɗayan na tunawa da mamaci ne, idan aka yi rashin ɗan aji kafin ranar yaye, a sa hotonsa da shekarar haihuwa da ta rasuwa da addu'ar neman hutu na har abada.

Tacewa da abin da kan biyo baya

Ɗalibai ne ke shirya kundin a ƙarƙashin kulawar malami guda, suna tura shafuka ga kamfanin bugu kashi-kashi, yawanci 16 a lokaci guda saboda yadda ake naɗe takarda. Da yake makarantun masu zaman kansu ne, kariyar faɗin albarkacin baki da tsarin mulkin Amurka ya tanada ba ta ɗaure hannun hukumarsu ba, don haka tana da ikon cire duk abin da ba ta yarda da shi ba. Duk da haka zaurancen samari kan sulale ya wuce mai tacewa. An ga illar wannan a 2018, lokacin da Shugaba Donald Trump ya zaɓi Brett Kavanaugh, wanda ya gama Georgetown Prep a 1983, ya zama alƙalin Kotun Ƙoli. A zaman kwamitin shari'a na Majalisar Dattawa ranar 27 ga Satumba, Sanata Sheldon Whitehouse ya yi masa tambayoyi kan kalmomin da ke shafinsa na Cupola, shekara 35 bayan rubuta su. An kuma gano cewa sunan wata ɗalibar makarantar Katolika ta 'yan mata ya fito a shafukan samari da dama na ajin, ta hanyar da wasu suka ɗauka cin mutuncinta ne. Kavanaugh ya ce alamar zumunci suka nufa, ita kuwa ta bayyana cewa abin ya yi mata ciwo. Majalisar ta tabbatar da shi da ƙuri'a 50 da 48.

Amfaninsa daga baya

Tsofaffin kundaye sun zama madogara ga masu binciken tarihi da masu neman asalin danginsu, musamman yanzu da ɗakunan karatu da shafukan intanet irin su Ancestry da Classmates suka ɗora dubbai daga cikinsu. Ta nan ake ganin yadda sunayen 'yan Ailan da Italiya suka fara raba jere da na baƙar fata da 'yan Latin Amurka da 'yan Asiya, da kuma yadda limamai masu baƙaƙen riguna suka ragu a shafin malamai bayan shekarun 1960, malaman da ba limamai ba, maza da mata, suka maye gurbinsu. Tsofaffin ɗaliban ma suna komawa gare shi. Idan aji ya taru bikin cika shekara 25 ko 50 da fita, akan ciro hoton kowa daga kundin a liƙa masa a ƙirji tare da sunansa domin abokai su gane juna, sannan a Mas ta ranar, wato babbar ibadar Katolika, a karanto sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ɗaya bayan ɗaya.