Wasannin gini na kwamfuta da salula

Wasannin gini rukuni ne na wasannin bidiyo da ba a shata wa mai wasa hanyar da zai bi. Fili ake ba shi da kayan aiki, ya gina abin da ransa ke so. Turawa na ce musu sandbox, wato akwatin rairai na wasan yara, kwatankwacin yadda yaranmu ke tusa ƙafa cikin ɗanyen rairai bayan ruwan sama su fitar da ɗaki.

Mafi shahara shi ne Minecraft, wasan gini da tubala, wanda Markus Persson ɗan ƙasar Suwidin ya fara fitarwa a 2009, ya kammalu a 2011. Microsoft ya sayi kamfanin Mojang mai wasan a 2014 kan dala biliyan 2.5, kuma zuwa 2023 an sayar da kwafi sama da miliyan 300. Kafin shi akwai SimCity na 1989 da Roblox na 2006.

Ba yara kaɗai ke waɗannan wasanni ba, har da manya. Me ke riƙe manya? Da farko, yaron da ya fara a 2011 yau magidanci ne, wasan ya girma tare da shi. Amma babban dalili shi ne aikin da ido ke gani. Ma'aikacin da ya yini kan takardun da ba sa ƙarewa, in ya jera tubali ɗari da dare, ga katanga ta tsaya. A tsarin ƙirƙira na Minecraft babu yunwa, babu mai korar ka, kaya ba sa ƙarewa. In an kira salla ka ajiye, ka dawo ka tarar da gininka yadda ka bar shi.

Wannan ya dace da zaman fada a Yamai. Ana jiran shayi na biyu ya nuna, mutum na daidaita hasumiya a salularsa, na gefe na leƙowa yana cewa ƙofar nan ta yi ƙanƙanta. In mutum shi kaɗai yake wasa, ba sai da intanet ba. Tubalan wasan kuwa sun karɓi ginin ƙasa sosai, irin hasumiyar masallacin Agadas ko masallacin Yama na jihar Tawa, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986.

Abin ya wuce nishaɗi. Tun 2012 hukumar UN-Habitat ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai kula da matsugunan jama'a, ke amfani da Minecraft a shirin Block by Block, inda mazauna unguwa ke zana filin wasa ko kasuwar da suke so, magina su ɗauka daga nan.