Waiwaye: Yaushe Marubuci Ya Zama Mai Bugawa, Mai Tacewa Kuma Ɗan Talla?

Muhawarar da ake tafkawa a zaurukan marubuta na WhatsApp da Facebook ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na cewa rubutun onlayin ya kashe littafin Hausa, wasu na cewa shi ya ƙwaci marubuci daga wahalar bin bashin kasuwa. Ana kuka da satar fasaha, ana kuka da karya ƙa'idojin rubutu, ana kuka da marubuciyar da za ta saki littafi na ɗaya kyauta, na biyu ta ce sai an tura kuɗi an nuna shaidar biya. Masu kukan suna magana kamar wayar hannu ce ta kawo duk wannan. Ba ita ba ce, kuma mu mutanen Zariya ya kamata mu fi kowa sani, domin a garinmu aka shimfiɗa tsohuwar hanyar.

Tarihin farko sananne ne. Hukumar Talifi ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 wadda ta haifar da su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, hukumar adabi ta Jihar Arewa, wato NORLA, ta yi zamaninta a shekarun 1950, sannan kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, ya zo a 1966. A duk tsawon lokacin nan hanyar marubuci ɗaya ce: ka aika rubutunka, edita ya karanta, ya dawo maka da shi ka gyara, a buga, a rarraba makarantu da kantunan littattafai. Ƙofar ƙarama ce, kaɗan ke shiga, amma duk wanda ya shiga sai an tankaɗe aikinsa an rairaye.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne tsakiyar shekarun 1980, kuma a ganina nan ne lamarin ya juya.

Yaran da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya ya kwasa a 1976 sun tasa, sun iya karatun boko da Hausa, kuma akwai 'yan mata da yawa a cikinsu. Suna son labarin da ya yi kama da rayuwarsu. A daidai wannan lokaci darajar naira ta faɗi, takarda da tawada suka yi tsada, harkar ɗab'i a duk faɗin ƙasar ta karkata ga littattafan makaranta, waɗanda kasuwarsu ke da tabbas. Ga masu karatu birjik, ga masu rubutu, amma babu mai ɗaukar nauyi. Sai marubuci ya ɗauki littattafansa na rubutun hannu, ya kai wa mai tafireta, daga nan ya wuce ƙaramar maɗaba'a, ya biya da kuɗin aljihunsa ko na adashi.

Kuɗin ba sa isa a buga labari gaba ɗaya. Dabarar da aka yi ita ce a yanka shi kashi biyu ko uku, a tsaya daidai inda ran mai karatu ya fi biyawa, a rubuta a ƙasa: mu haɗu a littafi na biyu. Cinikin na ɗaya shi zai buga na biyu. Marubuci ya ɗaure kwalaye ya shiga mota zuwa Kano, ɗan kasuwa ya karɓa bashi, sai an sayar a biya. Mai shagon haya kuwa ya sayi kwafi ɗaya, ya manna masa salatef a gefe don kada ya yage, unguwa guda ta karance shi, marubucin bai ga ko sisi daga kuɗin hayar ba. Wanda ya duba da kyau zai ga cewa kyautar littafi na ɗaya da sayar da na biyu, har ma da kwafin da ake turawa daga waya zuwa waya ba izini, duk jikokin wancan tsari ne.

A nan ƙungiyoyin marubuta suka shigo, irin su Raina Kama da Kukan Kurciya a Kano. Sun yi abin a yaba. Suna buga tambarin ƙungiya a bango, suna jera sunayen littattafan 'yan'uwansu a shafukan ƙarshe, kowane littafi yana tallar na ɗan'uwansa. Abin da marubuta ke yi yau ke nan idan suka ɗora fastar juna a sitatus. To amma ƙungiya ta iya maye gurbin ɗan talla, ta iya haɗa gudummawa ranar ƙaddamarwa, gurbin edita ne ya yi mata wuya. Mu mutane ne masu kara. Da wuya ka dubi abokin da kuke zama tabarma ɗaya ka ce masa babin nan uku ba su da amfani, cire su. Edita na da albashi yake karɓa don ya faɗi haka. Kuma idan tsawon labari shi ne kuɗinsa, wa zai yarda a rage masa shafi?

Abin da ya biyo baya gajere ne. Fim ya ja wasu marubutan tun daga shekarun 1990, kasuwar littafin takarda ta yi sanyi, masu karatu suka koma waya. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna cewa in akwai alƙalai masu duba rubutu, marubuta suna zage damtse su tsaftace aikinsu, sai dai gajeren labari ne, sau ɗaya a shekara.

Yau matashiyar da ta gama labarinta a Samaru ko Tudun Wada ba ta rasa inda za ta tallata shi. Za ta ware kuɗin mai zanen bango, da na data, da na mai karanta shi a YouTube. In ta nemi wanda zai bi shi layi-layi da jan biro, yawanci wani malamin Hausa ne ko wata Anti a ƙungiya za ta roƙa alfarma, su duba mata in sun sami sarari, ba tare da an yi maganar ko nawa ne ladan aikin ba.