Kronos, ƙungiyar masu goge huɗu da ta haura shekara 50: tambayoyi da amsoshi

Wace irin ƙungiya ce wannan, kuma me ya sa mutum huɗu kacal?

A kiɗan gargajiyar Turawa akwai wani tsari da ya kafu tun ƙarni na 18, zamanin Joseph Haydn. Masu goge huɗu ne ke zama su yi kiɗa, babu ganga, babu mawaƙi, babu mai tsayawa a gaba yana kaɗa sanda. Biyu suna riƙe da ƙaramin goge mai suna bayolin, ɗaya da biyola wadda ta ɗan fi girma da kaurin murya, na huɗu kuma da celo, babban da ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Kronos Quartet irin wannan ƙungiya ce. David Harrington ya kafa ta a Seattle ta Amurka a 1973, daga 1978 kuma ta yi zamanta a San Francisco.

Me ya ja Harrington ya kafa ta?

Rediyo ya kunna ya ji wani kiɗa mai suna Black Angels, wanda George Crumb ya tsara a 1970 lokacin da yaƙin Biyetnam ke ci. Kiɗa ne mai tayar da tsigar jiki: goge da aka jona wa lantarki, ihu, raɗa, ƙirga lambobi da harsuna daban-daban, har da goga bakin kofunan gilashi. Harrington ya ƙudurta sai ya kaɗa shi, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da mutum huɗu. Kiɗan farko da aka tsara musamman domin ƙungiyar, tsohon malaminsa Ken Benshoof ne ya rubuta, ladan da aka ba shi kuwa ƙunshin donot ne.

To me ya raba su da sauran takwarorinsu?

Yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi da Mozart da Beethoven suke cin abinci, su yi ta maimaita abin da mamata suka bari. Kronos ta bi rayayyu. Sukan je wurin mai tsara kiɗa su ce ya rubuta musu sabo, kuma ayyukan da aka tsara ko aka sake wa fasali dominsu sun haura 1,000. Terry Riley da Philip Glass na cikin waɗanda suka daɗe suna aiki da su. A ganina wannan ne ya raya ƙungiyar. Ba duk abin da aka rubuta musu ne ya yi armashi ba, wasu an kaɗa su an manta, amma wanda bai yarda ya yi asarar iri ba ai ba ya girbi.

Wane faifai ya kamata mutum ya fara ji?

Different Trains, na Steve Reich, wanda aka tsara a 1988. Reich Bayahude ne ɗan Amurka. Iyayensa sun rabu, don haka yana yaro ya riƙa hawa jirgin ƙasa tsakanin New York da Los Angeles, a daidai shekarun da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Da ya girma sai ya tuna cewa da a Turai yake a lokacin, da wani jirgin daban aka cusa shi, mai zuwa sansanin kisa na 'yan Nazi. Ya naɗi muryar matar da ta rene shi, da ta wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya haɗa da muryoyin mutanen da suka tsira daga kisan. Sannan ya sa biyola da celo suna bin hawa da saukar kowace jimla, kamar yadda kalangu ke faɗar magana. Bahaushe zai kama wannan dabara tun kafin a yi masa bayani. Aikin ya samu kyautar Grammy.

Akwai abin da ya haɗa su da Afirka?

Sosai. A 1992 suka fitar da Pieces of Africa, faifan da 'yan Afirka bakwai suka tsara kiɗansa, cikinsu da Obo Addy na Ghana, Foday Musa Suso na Gambiya, Dumisani Maraire na Zimbabuwe, Hassan Hakmoun na Maroko da Hamza El Din ɗan Nubiya. Ya hau saman jadawalin mujallar Billboard ta Amurka na kiɗan gargajiyar Turawa. Faifai ne mai daɗi, sai dai a wasu wurare za ka ji gogen kamar baƙo ne da ke bin masu gida a hankali. Na fi son Ladilikan na 2017, wanda suka yi da Trio Da Kali na Mali: Hawa Kassé Mady Diabaté a waƙa, Lassana Diabaté a balafon (jerin katakai da ake bugawa da 'yan sanduna), Mamadou Kouyaté a ngoni (mai kama da molo). A nan kowa ya saki jiki, gogen na amsa wa mawaƙiyar kamar tare suka tashi.

An ce har waƙoƙin finafinan Indiya sun yi?

Sun yi, a 2005, tare da mawaƙiyar Indiya Asha Bhosle, a faifan You've Stolen My Heart mai ɗauke da waƙoƙin mijinta marigayi R. D. Burman. Wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya a Kano ko Zinder, da wuya muryar ta zame masa baƙuwa.

Mutanen farko ne har yanzu?

Harrington kaɗai ya rage. Joan Jeanrenaud ta riƙe celo daga 1978 zuwa 1999, bayanta kujerar ta sauya hannu har ta kai ga Paul Wiancko a 2023. John Sherba mai bayolin da Hank Dutt mai biyola sun yi fiye da shekara 45 kafin su yi ritaya a 2024, Gabriela Díaz da Ayane Kozasa suka gaje su. Kafin nan, daga 2015, ƙungiyar ta sa an tsara sababbin ayyuka 50, ta zuba takardun kiɗan da sautinsu a intanet kyauta domin ɗalibai. Ɗaya daga ciki Lassana Diabaté ne ya tsara shi, a kan tarihin Sunjata, sarkin da ya kafa daular Mali.